Gadar Bollman ta Savage: Tarihinta da Yadda Take Ɗaukar Nauyi

A garin Savage da ke jihar Maryland ta Amurka, tsakanin Baltimore da Washington, akwai wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ta ƙetare kogin Little Patuxent. Tsawonta ƙafa 160 ne, wato kusan mita 49. An raba ta gaɓa biyu, kowace gaɓa kamar ƙafa 80, kuma gaɓoɓin sun haɗu a kan ginshiƙin dutse da aka kafa a tsakiyar ruwa. An ƙera ta a 1869, aka kawo ta inda take yanzu a 1887, jirgi ya daina hawa kanta a 1947. Ba doguwa ba ce, kogin ma ba wani babba ba ne. Darajarta ita ce, cikin gadoji kimanin ɗari da aka gina bisa tsarin Wendel Bollman, ita kaɗai ta rage a duniya. Tsarin nan kuwa shi ne na farko da wani kamfanin jirgin ƙasa a Amurka ya amince da shi, ya riƙa maimaita shi da ƙarfe zalla, a lokacin da mutane suka fi yarda da katako da dutse.

Kafin a shiga tarihinta, ya kamata a san matsalar da kowace gada take fama da ita. Duk maginin da ya taɓa ɗora azara a kan bango biyu ya san cewa idan ratar ta yi faɗi, azarar za ta lotsa a tsakiya. Abin da ke faruwa a cikinta iri biyu ne a lokaci guda. Gefen sama yana matsewa, kamar ana danna shi daga ƙarshensa biyu. Gefen ƙasa kuma yana miƙewa, kamar igiyar da ake ja. Daga ƙasan ne tsagewa take farawa. Matsi da ja, su ne ƙarfi biyun da injiniyan gada yake kokawa da su, kuma duk wani tsari da aka ƙirƙiro hanya ce ta raba su, a bai wa kowanne abin da ya fi iya jure masa.

Gadar saƙa ta magance matsalar da alwatika. Idan aka haɗa sanduna huɗu da ƙusa a kusurwoyi, aka tura gefe ɗaya, siffar za ta karkace ko da sandunan ba su lanƙwashe ba. Sanduna uku ba sa yin haka. Alwatika ba ta sauya siffa sai in ɗaya daga sandunanta ta ƙara tsawo ko ta gajarce. Saboda haka in aka jera alwatika da yawa aka sarƙe su, za a sami gungume mai tsawo, mai iska a cikinsa, wanda ya fi dunƙulallen gungume sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma kowace sanda a cikinsa aiki ɗaya take yi, ko dai ana matse ta ko ana jan ta. Wanda ya taɓa ganin tsohuwar gadar Makurdi da ke kan kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932, ya ga jikar wannan dabara, ko da yake da sitil aka yi ta, kuma tsarin saƙarta daban ne.

Kamfanin da ya haifi gadar Bollman shi ne Baltimore and Ohio, wanda ake taƙaita sunansa B&O. An ba shi izinin kafuwa a 1827, aka aza harsashinsa ranar 4 ga Yuli 1828. Burin 'yan kasuwar Baltimore shi ne su sada tashar jiragen ruwansu da kogin Ohio, don kada New York, wadda ta buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, ta kwashe cinikin yammacin ƙasar baki ɗaya. Tsakanin Baltimore da Ohio kuwa akwai duwatsun Allegheny da koguna masu yawa. Da farko kamfanin ya yi gadojinsa da dutse, irin na baka. Gadar Carrollton ta 1829 da gadar Thomas ta 1835 suna nan har yau, jirage na bi ta kansu. Amma ginin dutse yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma ginshiƙansa masu kauri suna tare wa ambaliya hanya. Kamfanin da ke gaggawar kai layinsa yamma da ƙaramin jari ba zai iya jiran masassaƙan dutse a bakin kowane rafi ba.

Sai aka koma ga katako, wanda Amurka take da shi jibge a lokacin. Katako yana da araha, kafintoci kuma suna ko'ina. Illarsa ita ce ruɓewa, musamman a mahaɗa inda ruwa ke kwanciya, shi ya sa ake yi wa gadojin rufi da bango kamar ɗaki. Ga kuma gobara. Injin jirgin wancan zamani yana tafe yana feshin tartsatsi, busasshen katako kuwa ba ya buƙatar roƙo. A 1840 William Howe ya fito da tsarin da ya haɗa katako da sandunan ƙarfe a tsaye, a 1844 kuma Thomas Pratt da mahaifinsa Caleb suka juya tsarin, suka mai da sandunan karkace su ne masu ɗaukar ja. Duk wannan sassauci ne, bai kawar da cutar ba.

Ƙarfen da ake da shi a lokacin iri biyu ne, kuma halinsu ya yi hannun riga. Na farko ƙarfen zubi, wanda ake narkarwa a zuba a cikin mazubi ya daskare da siffar da ake so. Yana da sinadarin gawayi da yawa, tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Yana jure matsi ƙwarai, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, karyewa yake farat ɗaya kamar tukunyar ƙasa, ba ya ba da sanarwa. Na biyu ƙarfen ƙira, wanda ake dukansa ana murza shi da zafi har ya yi jijiya kamar itace. Gawayin cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Yana jure ja, kuma kafin ya tsinke sai ya miƙe, mai dubawa ya gani. Sai dai ya fi tsada.

Tsoron da ake yi wa ƙarfe ba na banza ba ne. A watan Mayu na 1847 gadar kogin Dee a Chester ta Ingila, wadda Robert Stephenson ya tsara da gungumen ƙarfen zubi, ta karye da jirgi a kanta, mutum biyar suka mutu. A 1850 wata gadar ƙarfe a kan layin New York and Erie ta rufta da jirgin da ke ɗauke da dabbobi, kuma kamfanin ya ba da umarni a cire gadojinsa na ƙarfe a mayar da katako. A wannan shekarar ce B&O ta ɗauki hanyar da ta saɓa wa tasu.

Mutumin da ya ja ta zuwa wannan hanya bai yi karatun injiniya ba. An haifi Wendel Bollman a Baltimore a 1814, iyayensa baƙi ne daga Jamus. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 11, karatunsa na aji ya tsaya nan. Ya koyi aikin kafinta, ya yi aikin shimfiɗa layin farko na B&O yana matashi, sa'ad da layin ma katako ne da aka manna wa siririn ƙarfe a sama. A 1837 ya dawo kamfanin ta hannun injiniya Benjamin Henry Latrobe, aka sa shi aikin gadar katako ta Harpers Ferry. Daga nan ya zama shugaban masu gyaran gadoji, a 1848 kuma aka ɗora shi a kan kula da layin gaba ɗaya, da gadojinsa da gine-ginensa. Lissafi da kansa ya koya, kuma yakan gwada tunaninsa da ƙananan samfura kafin ya gina. Wannan tarihi yana da muhimmanci wajen fahimtar gadar. Mutum ne da ya shafe shekaru yana shiga ƙarƙashin gadoji yana ciro ruɓaɓɓen katako, ya san cewa daga mahaɗa ɗaya lalacewa take somawa. Tsarin da ya fito da shi tsarin mai gyara ne, wanda tambayarsa ta farko ita ce: in wannan sanda ta gaza, me zai faru da sauran?

Gadarsa ta farko ta ƙarfe zalla an gina ta a 1850 a kan wannan kogi na Little Patuxent, kusa da Savage, a reshen layin da ke zuwa Washington, a madadin gadar dutse da ambaliya ta rushe. Faɗin ratarta ƙafa 76. Mutane kan rikita ta da wadda ke tsaye a yau, alhali ba ita ba ce. Ta 1850 ta daɗe da gushewa. A 1851 ya gina wata mai ƙafa 124 a Harpers Ferry, a ɓangaren gadar da ke kai jirage zuwa Winchester, kuma ranar 6 ga Janairu 1852 gwamnati ta ba shi takardar mallakar ƙirƙirar.

Ga yadda tsarin yake, kamar yadda ake ganinsa a Savage. Kowace gaɓa tana da bango biyu na saƙa, dama da hagu, jirgi yana ratsawa ta tsakaninsu. A ƙarshen kowane bango akwai hasumiya ta ƙarfen zubi. A gadojin farko da dutse ake yin hasumiyoyin, daga baya aka koma ƙarfe. Daga kan wannan hasumiya zuwa kan waccan an shimfiɗa bututu mai kauri na ƙarfen zubi, guntu-guntu da aka haɗa baki da baki, mai kusurwa takwas daga waje, rami a ciki. Daga bututun, dirkoki na ƙarfen zubi sun sauko a tsaye, sun raba gaɓar gida shida. A gindin kowace dirka ne gungumen da ke tallafe da layin dogo yake rataye. Har nan babu abin da ya bambanta ta da sauran gadojin saƙa.

Bambancin yana cikin sandunan karkace. A tsarin Howe ko na Pratt, sandar karkace gida ɗaya take ƙetarewa. Nauyin da ya sauka a tsakiyar gada sai ya bi daga gida zuwa gida, wannan sanda ta miƙa wa waccan, kamar masu miƙa bulo hannu da hannu, har ya isa gaɓar kogi. In mutum ɗaya a layin ya saki, aikin ya tsaya. Bollman bai yarda da miƙa-miƙa ba. Daga gindin kowace dirka ya ja sandunan ƙarfen ƙira kai tsaye zuwa kan hasumiyar dama, ya ja wasu zuwa kan hasumiyar hagu. Kowace dirka tana rataye da nata sandunan, ba ta jingina da maƙwabciyarta ba. Dirka biyar, rataya biyar, kowace mai cin gashin kanta, duk suna taruwa a kan hasumiyoyin biyu. Wannan ne ya ba gadar kamanninta, sanduna sirara suna bazuwa daga kusurwar sama kamar haƙarƙarin mafici, suna giciye juna.

Shi ya sa Bollman ya kira ta gadar rataya da saƙa. Kusan gadar igiya ce, sai dai gadar igiya tana buƙatar a binne ƙarshen igiyoyin cikin dutse a bayan hasumiya, don kada nauyi ya janyo hasumiyoyin su faɗo ciki. A nan bututun sama ne yake wannan aiki. Sandunan suna janyo kawunan hasumiyoyin zuwa ga juna, bututun yana tokare su. Ja ya tafi ga ƙarfen ƙira, matsi ya tafi ga ƙarfen zubi, kowane ƙarfe an ba shi aikin da ya iya, an nisanta shi daga wanda zai karya shi. Gadar ba ta tura madogaranta gefe kamar yadda baka ke yi, zama kawai take a kansu. Akwai kuma abin da ke ba masu kallo mamaki: sandunan da ke ƙasa, a jere da layin dogo, ba su ne ke riƙe da gadar ba. A yawancin gadojin saƙa, in aka yanke sandar ƙasa an gama da gada. A ta Bollman aikinta shi ne ta riƙe gindin dirkoki a mazauninsu. Haka ma siraran sandunan da suka giciye a cikin kowane gida, taimako suke yi wajen daidaita gadar sa'ad da jirgi ke motsi a kanta.

Lissafin tsarin yana da sauƙi, kuma sauƙin nan babban dalili ne na karɓuwarsa. A ce nauyin tan 6 ya sauka a kan dirkar farko, wadda ke nesa da hasumiyar kusa da gida ɗaya, da ta nesa kuma gida biyar. Hasumiyar kusa za ta ɗauki tan 5, ta nesa ta ɗauki tan 1. Dokar ma'auni ce, wadda duk mutum biyun da suka taɓa ɗaukar kaya a kan sanda suka sani: wanda kayan ya fi kusa da shi, shi ne kafaɗarsa ke ciwo. Daga nan sai a duba karkatar kowace sanda a fitar da ƙarfin jan da ke kanta, a yanke mata kauri. Ba sai an bi nauyi ta cikin gidaje shida ba. A 1847 ne Squire Whipple ya buga littafin da ya fara bayyana yadda ake lissafa ƙarfin da ke kan kowace sanda a gadar saƙa, kuma ilimin bai riga ya bazu ba. A irin wannan lokaci, tsarin da shugaban kafintoci zai iya lissafawa da alli, ya kuma nuna wa daraktocin kamfani su gane, ba ƙaramin abu ba ne.

Bollman bai tsaya ga lissafi ba. A kan gaɓar Harpers Ferry an jera injunan jirgi uku tare da taragun ruwa da gawayinsu, nauyin da ya haura tan ɗaya a kan kowace ƙafa ta tsawon gadar, aka tafiyar da su a kanta, kuma lotsawar da aka auna a tsakiya ba ta kai inci biyu ba. Ya buga sakamakon a ɗan littafin da ya fitar don tallata tsarin. Akwai wata fa'ida ta daban. Duk sassan gadar a masana'anta ake yin su, a ɗora a tarago, a haɗa su a bakin kogi da ƙusoshi da noti. Abin da aka haɗa da noti kuwa ana iya kwance shi, kuma wannan hali ne ya ceci gadar Savage daga baya.

A ofishin Latrobe akwai wani matashi Bajamushe, Albert Fink, wanda ya yi karatun injiniya a Darmstadt ya zo Amurka a 1849. Shi ma ya fito da tsarin rataya, aka gina masa babbar gada a kan kogin Monongahela a Fairmont a 1852, mai gaɓa uku, kowace ƙafa 205, ya sami takardar mallaka a 1854. A tsarin Fink, sanduna biyun da ke riƙe da kowace dirka tsawonsu ɗaya ne, ƙananan rataya suna hawa kan manya. Latrobe ya yi amfani da tsarin mutanen biyu, kuma layin ya isa Wheeling a bakin kogin Ohio a farkon 1853.

Kwatanta su biyun yana fito da raunin tsarin Bollman, kuma raunin yana zaune ne a daidai inda ƙarfinsa yake. Ban da dirkar tsakiya, babu dirkar da sandunanta biyu suke da tsawo ɗaya. A Savage, inda tsayin saƙar ya kai kamar ƙafa 21, gajeriyar sandar dirkar farko ba ta wuce ƙafa 25 ba, doguwar kuwa ta kusa ƙafa 70. Ƙarfe yana miƙewa in aka ɗora masa nauyi, yana kuma miƙewa da zafin rana, kuma miƙewar tana tafiya ne da tsawo. Doguwar sanda da gajeriya ba za su miƙe daidai ba, don haka gindin dirka ba ya sauka a miƙe, sai ya nemi gocewa gefe. Wasu sanduna su yi sako-sako, wasu su ɗaure fiye da kima. Gadar tana buƙatar ma'aikata su riƙa zagayawa suna ɗaure nan suna sassauta can. Ga kuma asarar ƙarfe. Doguwar sandar nan kusan a kwance take, abin da ke kwance kuwa ba ya ɗaga kaya da sauƙi. A misalin da ya gabata, don ta ɗaga tan 1 kacal sai an ja ta da ƙarfin da ya haura tan 3, kuma mafi yawan wannan ƙarfi yana komawa ne ya ƙara wa bututun sama matsi. In aka ƙara faɗin rata, sandunan suna ƙara tsawo da kwanciya, matsalar tana ninkuwa. Shi ya sa tsarin bai cika wuce ƙafa 150 a gaɓa ɗaya ba.

Duk da haka ya yi zamaninsa. A 1858 Bollman ya bar B&O ya kafa kamfaninsa a Baltimore tare da abokan tarayya biyu, John Tegmeyer da John Clark, ɗaya daga kamfanonin farko a Amurka da sana'arsu ita ce ƙera gadar ƙarfe su kai ta inda ake so. Yaƙin basasar Amurka ya tsayar da aikin, bayansa kuma ya sake kafa shi da sunan Patapsco Bridge and Iron Works. Ya aika gadoji har Chile da Kyuba da Meziko, kuma shi ya yi aikin ƙarfen kubbar zauren birnin Baltimore.

Harpers Ferry, inda kogin Potomac ya haɗu da Shenandoah, ita ce wurin da tsarin ya fi shahara, ita ce kuma inda ya fi shan wuya. Ta kan wannan gada John Brown da mutanensa suka shiga garin a watan Oktoba na 1859, a harin da suka kai rumbun makamai da niyyar tayar da bayi su ƙwaci 'yancinsu. A watan Yuni na 1861, a farkon yaƙin basasa, sojojin Kudu suka tarwatsa ta. Cikin shekara huɗu na yaƙin an rushe ta an sake ginawa sau da dama, wani lokaci sojoji, wani lokaci ambaliya. Zuwa 1870 an kammala ta da gaɓoɓin Bollman daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Da aka gina wa jirgi sabuwar gada a 1894, sai tsohuwar ta zama ta keken doki, daga baya ta motoci, har ambaliyar watan Maris na 1936 ta tafi da ita. Ginshiƙanta na dutse suna nan a cikin ruwa.

Tun kafin nan tsarin ya riga ya mutu a ofisoshin injiniyoyi. Injunan jirgi suna ƙara nauyi shekara bayan shekara, lissafin gadar saƙa ya zama abin da ake koyarwa a makaranta, kuma tsarin Pratt da na Whipple da na Warren suna ƙetare rata mafi faɗi da ƙarfe mafi ƙaranci. A cikin shekarun 1870 B&O ta daina gina sababbin gadojin Bollman. Kamfanin Bollman da kansa ya ƙera gadar tsarin Warren a 1871, wadda take nan har yanzu kusa da Meyersdale a Pennsylvania, abin da ke nuna cewa mutumin bai maƙale wa ƙirƙirarsa ba bayan lokacinta ya wuce. Ranar 29 ga Disamba 1876 gadar ƙarfe ta Ashtabula a jihar Ohio, mai tsarin Howe, ta rufta da jirgin fasinja cikin dusar ƙanƙara, mutum kimanin 92 suka halaka. Ba gadar Bollman ba ce, amma bala'in ya ƙara zubar da mutuncin ƙarfen zubi a aikin gada. Sitil kuma, wanda hanyar Bessemer ta 1856 ta fara arahantar da shi, yana jure matsi yana jure ja, don haka hikimar raba aiki tsakanin ƙarfe biyu ta rasa dalilinta. Bollman ya rasu a 1884. Gadojinsa aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cirewa, ana sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe.

Ta Savage ta tsira ne saboda an rage mata matsayi. A bakin kogin akwai masaƙar auduga da ta fara aiki tun shekarun 1820, wadda take saƙa ƙyalle mai kauri na filafilan jiragen ruwa da tantuna. Sunan garin ma daga John Savage aka samo shi, mutumin Philadelphia da ya ba masu masaƙar rancen jari. A ɗan gajeren reshen da ya taso daga babban layi zuwa masaƙar, ana buƙatar gada a kan kogin, kuma kamfanin jirgin yana da wata ta 1869 da ta yi wa manyan injuna kaɗan a inda take. Sai aka kwance ta, aka kawo ta a 1887, aka sake haɗawa. A reshen masaƙa babu jirgi mai gudu, babu dogon jerin taragun gawayi, sai 'yan taragun auduga da na ƙyalle da ake turawa a hankali. Nauyin bai taɓa fin ƙarfinta ba har a ce a sauya ta. Ta yi shekara 60 tana wannan aiki. Da masaƙar ta rufe a 1947, aka bar gadar a wurin, tsatsa da ciyawa suka rufe ta, kuma babu wanda ya ga ribar zuwa ya sare ta.

Wanda ya dawo da hankalin masana kanta shi ne Robert Vogel na cibiyar Smithsonian, wanda ya buga nazari a kan ayyukan Bollman a 1964. A 1966 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta fara ware ayyukan injiniya masu tarihi, kuma wannan gada ce ta farko da ta sa a jerin, gaban manyan madatsun ruwa da dogayen gadojin ƙasar. Zaɓin ya dace, domin a nan ne ake iya ganin matakin da aka taka daga katako zuwa ƙarfe da ido, sanda bayan sanda, ba a zane ba. An shigar da ita rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1972, aka ɗaga ta zuwa matsayin abin tarihi na ƙasa baki ɗaya a 2000.

An yi mata babban gyara a 1983, aka sake yin wani wajen shekarar 2000. Gyaran irin wannan gada yana da wuyar sha'ani, saboda ƙarfen zubi ba ya karɓar walda yadda sitil ke karɓa, kuma duk guntun da aka musanya da sabo ya rage wani abu daga shaidar da gadar take bayarwa. Masu gyaran sun fi mai da hankali ga kankare tsatsa, da ƙarfafa sassan da suka tsage, da fenti. Launin da aka shafa mata yana taimaka wa mai kallo: manyan sassa masu ɗaukar matsi ja ne mai duhu, siraran sanduna kuma fari, ta yadda daga bakin kogi mutum zai iya bin kowace sanda da ido tun daga gindin dirkarta har kan hasumiya. A saman mashigarta akwai allon da ke ɗauke da sunan Bollman da na birnin Baltimore. Gadar tana hannun ƙaramar hukumar Howard, masaƙar ta zama kasuwar shaguna da ɗakunan masu sana'ar hannu, kuma an shimfiɗa katako a gefen tsohon layin dogon, inda masu tafiya a ƙafa suke ƙetare kogin.